Dunduniyar Cha'ibu Ta Sha Giris

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a bakin fakin kamiyoyi na Gaya, wato tashar manyan motocin kaya, ya san Cha'ibu, in bai gan shi ba ma ya ji muryarsa. Mutum ne dogo siriri, wanda Allah ya ba shi baki ya hana shi birki. Tun yana saurayi yake karen mota a hanyar Kotonu, har furfura ta fara leƙo masa a haɓa ba a taɓa sakar masa sitiyari ba. Abu guda ya iya, kuma a ba shi haƙƙinsa ya iya shi: shafa giris a salet, wato faffaɗan farantin ƙarfen nan da ke bayan kan mota, inda wuyan tirela ke hawa yana juyawa. In Cha'ibu ya shafe maka salet, tirelarka za ta bi kwana ba ƙara ba gardama.

Matarsa Hajjo ita ke riƙe da gidan. Shinkafa da miyar kifi take sayarwa a gefen kwalta, daura da ƙofar fakin, inda babu ko kara guda da zai yi wa mutum inuwa. Shekara da shekaru rana tana dukan tsakar kanta, ba ta da burin da ya wuce ta zauna ƙarƙashin rumfa kamar sauran mata.

Ana nan sai ɓarayin man gazuwal da batir suka addabi fakin. Sandikar masu kamiyo, wato ƙungiyarsu, ta yanke shawarar ɗaukar maigadi, ta gina masa ɗan ɗaki a bakin ƙofa, ta kafa rumfar kwano a gabansa mai daɓen siminti sumul. Aka ce duk wanda ya samu aikin, matarsa ce za ta yi sana'a a rumfar. Kowa ya zaci Dodo za a ba, wani ƙaton Badende marar yawan magana da ya daɗe yana taya direbobi tsaron kaya. Amma shugaban sandikar, Alhaji Alfari, kawun Hajjo ne. Ta je ta durƙusa gabansa, ta yi kukanta, har tsohon ya gaji.

"Tashi, ɗiyata," in ji shi. "Ki ce ma mijinki shi zo ran Lahadi da hantsi, in miƙa mishi makulli da tocila da sanda gaban mutane. Abu guda nika roƙo. Shi zo da bakinshi rufe."

Hajjo ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Ta kwashe labari ta faɗa wa maigidan, tana jiran ya yi hamdala. Sai ta ga ya murtuke fuska.

"Sanda? Ni za a ba sanda kamar mai kiwon awaki? Kuma gobe mutanen Gaya su ce Cha'ibu ya samu aiki a bakin zanen matarshi?"

"Maigida, su ce mana. In dai muna cikin inuwa, su yi ta faɗi."

"Ke ba ki san wa kike aure ba. Sai na nuna musu da ƙafata na ci wannan aiki."

Asalin wannan magana kuwa, wata shekara motarsu ta lalace a Faraku, suka yi kwanaki suna jiran ƙarfen gyara. Kusa da inda suka tsaya akwai wani zaure da ake koya wa yara karate, Cha'ibu ya riƙa leƙe ta taga yana tauna rake. Iyakar karatunsa ke nan. Amma tun daga ranar ya naɗa wa kansa sarautar Maitir, wato babban malamin karate, kuma duk wanda ya kira shi Cha'ibu tsirara sai ya yi kamar bai ji ba.

Washegari ya isa teburin Yazidu mai shayi, taubashinsa, wanda ba ya ganinsa ya ƙyale shi. Benci cike da direbobi. Cha'ibu ya ture kofuna gefe ya buɗe makaranta.

"Bugun nan sunanshi mawashi. Ku da kuka san mota ba za ku wahala ba, don jikin mutum kamiyo ne. Ƙafar da ke tsaye ita ce kan mota. Ƙugu shi ne salet. Ƙafar da ke bugu ita ce ramok, tirelar ke nan. Da farko ka ɗaga gwiwa ta gefe, haka..."

"Kamar kare ya samu taya," in ji Yazidu. "To wanga kam na shaida ka iya."

Cha'ibu ya jira dariya ta lafa. "Jahilci ciwo ne. In gwiwa ta ɗagu, sai dunduniyar da ke ƙasa ta juya har ta kalli abokin gaba. Ƙugu shi bi ta. Sannan ƙafa ta fyaɗo kamar bulala, ta koma inda ta fito. Wawa ke kallon ƙafar da ke sama. Duk sirrin yana ga ƙafar da ke tsaye."

"To Maitir, gwada muna mu gani."

"A nan? Kana son in zubar maka da tukunyar shayi tare da haƙoranka? Ku zo ran Lahadi, gaban sandika. Kowa shi zo da idonshi."

Kafin azahar ya aika saƙon murya a gurup ɗin direbobi, kafin la'asar labari ya ƙetare gada har Malanbil. Hajjo ta ji shi a bakin masu sayen abinci, ludayi ya kusa faɗuwa daga hannunta.

Da yamma Cha'ibu ya rataye buhun ƙaiƙayi a reshen mangwaron tsakar gidansu, ya ja da baya, ya yi wata ƙara da ya ji yaran Faraku suna yi, ya wurga ƙafa. Buhun yana nan lafiya lau. Silifansa ne ya tashi sama, ya ƙetare katanga, aka ji cuuu, sai ihu. Ba a jima ba maƙwabciyarsu Ikilima mai ƙosai ta shigo ba sallama, riƙe da matsami, silifa a kai ya nannaɗe yana ɗigar mai.

"Mijin Hajjo, ga takalminka ya soyu. Da yaji za a sa ko haka za ka ci?"

"Ikilima, horo nike. Kin ga ƙarfin bugun ke nan, iskarshi kaɗai ta kai gidanki."

"Iskarshi ta ɓata mini kaskon mai guda. In ƙafar taka tana da ƙarfi haka, ta taka zuwa kasuwa ta sawo wani."

Don ya nuna mata ba da wasa yake ba, sai ya tuɓe ɗayan takalmin ya sake ɗaga gwiwa. Wannan karon wandon ne ya amsa, ya yage tun daga zariya ta gaba har zariya ta baya. Ikilima ta yi salati ta rufe ido da matsami, amma matsami ai duk huji ne. Kafin magariba matan unguwa sun samu cikakken bayani.

Cha'ibu ya ce laifin tufafi ne, ba a yin karate da wandon zuwa masallaci. Ya samo buhunan fulawa farare ya kai wa tela aka ɗinka masa riga da wando masu faɗi. Baƙar ɗamara kuma ya yanko ta daga robar cikin taya. Kayan sun yi kyau daga gaba. Daga baya kuwa telan ya bar hoton zangarniyar alkama ɓaro-ɓaro a mazauni, shi kuma Cha'ibu ba shi da ido a ƙeya, babu kuma wanda ya ga dalilin ɓata wa jama'a nishaɗi ta hanyar gaya masa.

Sabuwar matsala ta ɓullo. Duk lokacin da ya ɗaga ƙafa, dunduniyar da ke ƙasa sai ta nutse cikin rairayin tsakar gida ta ƙi juyawa, gwiwa ta yi ƙara kamar tsohon kyaure. Ya zauna ya yi nazari, ya gano yaran Faraku a kan daɓe mai santsi suke yi. Ina ake samun santsi a Gaya? Sai fadama. Ya hau kabu-kabu da farin kayansa ya nufi gonakin shinkafa na hanyar Tanda.

Ya samu wani fili mai laka tana ƙyalli, ya shiga ya gyara tsayuwa. Santsi kam akwai shi a sama, amma kafin ya gama ƙarar Faraku ƙafar ta lume har ƙwauri. Bai kula ba, ya wurga ƙugu da iyakar ƙarfinsa. Jiki ya juya, ƙafa ta ce tana nan. Cha'ibu ya murɗe kamar wankakken zane, ya zube rub da ciki a kan irin shinkafar da ake shirin dasawa.

Mai gonar, wani dattijo Bubakar, ya taho da mutanensa a guje, suna zaton saniya ce ta faɗa. Suka kama shi ta hammata suka tumɓuke shi kamar rogo.

"Bawan Allah, daga wace asibiti ka gudo?" in ji Bubakar.

"Baba, ni Maitir ne. Ina gwada juyin dunduniya."

"A cikin irina? Duk faɗin ƙasar Dandi ba ka ga wurin juyi ba sai inda na yi wata ina ban ruwa?"

"Ilimi ba ya zaɓen wuri, Baba."

"Madalla. To ga wani ilimin. Duƙa."

Haka Maitir ya wuni a duƙe yana tsince irin da ya kwantar yana dasawa layi-layi, manoma na bayansa suna yaba zangarniyar alkamar da ke kallon sama. Bubakar ya ce tun da yake bai taɓa ganin alkama da shinkafa a gona ɗaya ba sai ranar.

Mai hankali da nan ya tsaya. Cha'ibu kuwa ya dawo fakin yana ɗingishi, ya zauna a kan taya yana tunanin rairayi ya riƙe, laka ta riƙe, to me ya rage? Daidai lokacin wani direba yana juya tirela da busasshen salet, ƙarfe na kuka ƙiiii har cikin haƙori. Cha'ibu ya miƙe zumbur. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Shi da bakinsa ya ce jikin mutum kamiyo ne. To wane mahaukaci ke juya ramok ba giris? Ya ji tausayin malaman Faraku da suka tsufa cikin sana'a ba su gano wannan ba. Bai gaya wa kowa ba, don kada a sace masa fasaha.

Ranar Lahadi da sassafe Hajjo ta gama girkin da za ta ciyar da 'yan sandika na murna, ta zo ta tsaya a kansa yana ɗaura robar taya a ƙugu. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Maigida, dubi fuskata. Da anka kawo ni gidanga haka nike? Rana ta cinye ni, idona har ya fara gani dishi-dishi. Ban taɓa roƙonka atamfa ba, ban roƙe ka zinariya ba. Inuwa nika roƙo, kuma an riga an ba mu. Ka je, ka gaida Kawu, ka amshi makulli, ka zamna. Shi ke nan aikinka."

Maganar ta taɓa shi, don yana son matarsa, wannan ba ƙarya ba ne. Amma tausayin Cha'ibu kamar ruwan tasa ne a tsakar rana, ba ya daɗewa.

"Hajjo, kwantar da hankalinki. Bayan abin da za a gani yau, ba rumfa ba, restoran za su gina miki."

Ta ɗora tukunya a kai ta fita.

Da hantsi fakin ya cika maƙil. Direbobi, 'yan dako, 'yan kabu-kabu, mata masu talla, har da waɗanda suka ƙetaro daga Malanbil, wasu sun hau kan kamiyoyi suna saita wayoyinsu. Alhaji Alfari yana zaune a tsakiyar sabuwar rumfa cikin farar shadda mai sitaci, dattawan sandika a gefensa. A kan tebur ga makulli, ga tocila, ga sanda. A kusurwa Hajjo ta jera tukwanenta, karo na farko a rayuwarta tana zuba miya ba tare da ta kare ido da hannu ba. Dodo na tsaye can baya ya harɗe hannuwa.

Cha'ibu ya laɓe bayan wata tirela, ya buɗe gwangwanin giris. Shi kuma a harkar giris bai taɓa rowa ba. Ya cika tafin hannu ya lafta wa dunduniyar hagu, ya ƙara, ya bi har tsakanin yatsu, yadda yake yi wa motar da za ta Agadas. Sai da ya gama ya tuna da tafiya. Dole ya fito yana tsalle da ƙafa ɗaya, ta hagun a sama. Jama'a suka ɗauka salon shigowa ne, suka kaure da tafi.

Ga suruki kuma dole a durƙusa. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya yana tangaɗi, ya ɓoye hannun dama a baya.

"Baba Alhaji, ina kwana."

"Lafiya lau. Miƙo hannu mana, yau ranar alheri ce."

"Baba, hannun... akwai sirri a cikinshi."

"Kai, miƙo nan!"

Alhaji ya cafko hannun ya girgiza. Sannan ya dubi tafinsa, ya dubi Cha'ibu, kuma saboda sabo sai ya shafa a gaban rigarsa kafin ya tuna farar shadda ce. Baƙin tambari ya fito shar, yatsu biyar cif. Tsohon ya cije leɓe, ya dubi kusurwar da 'yar ƙanwarsa take, ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya ɗauki makulli ya miƙa.

"Amshi. Ka tahi ka zamna."

Makullin nan bai fi taƙi guda ba daga hannun Cha'ibu. Hajjo tana ta karanto duk addu'ar da ta sani. Cha'ibu ya miƙa hannu, har yatsansa ya taɓa ƙarfen. Sai muryar Yazidu ta taso daga kan wata kamiyo.

"Maitir! Ina mawashin? Ko an bar shi a gonar Bubakar?"

Fili ya ɗauka: "Mawashi! Mawashi!" Cha'ibu ya ji sunan yana yawo a bakin ɗaruruwan mutane, kansa ya kumbura. Ya janye hannu.

"Baba, riƙe mini shi tukuna. Ba na amsar abin da ban ci da gumina ba."

Ya sa aka kawo buhun albasa, ya ce a ɗaure shi a ginshiƙin tsakiyar rumfar daidai tsayin kan ɓarawo. Ginshiƙin nan kuwa dogara shi kawai aka yi, magini bai riga ya zuba masa siminti a gindi ba, amma wa ke sauraron irin wannan a ranar biki? Cha'ibu ya yi tsalle zuwa tsakiyar daɓen, ya juya wa jama'a zangarniyar alkama ya rusuna wa buhu, ya juyo ya ɗaga murya.

"Ku bar kallon sama! Ku kalli ƙafar da ke tsaye!"

Ya sauke dunduniyar hagu a kan siminti. Ya yi ƙarar Faraku. Ya ɗaga gwiwar dama.

To, tsakani da Allah, dunduniyar nan ta juya. Ta juya yadda ba ta taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi. Ƙugu ya bi ta, ƙafa ta miƙe sama har ta wuce kafaɗa, farin wando na kaɗawa. Na ƙiftawar ido guda Cha'ibu ya zama duk abin da ya daɗe yana faɗa, har Yazidu sai da ya saki baki. Matsalar ita ce a tagar Faraku ya ga yadda ake juyawa, bai tsaya ganin yadda ake tsayawa ba, rakensa ya ƙare.

Ƙafa ta wuce buhu ko gaisawa ba su yi ba. Cha'ibu ya ga jama'a, ya ga Alhaji, ya ga tukwanen Hajjo, ya sake ganin jama'a, ya sake ganin Alhaji ya fara miƙewa. Ya nemi birki, babu. A zagaye na gaba kan mota ya sulale ya bar ramok a sama, Maitir ya tafi a kwance cikin iska yana kiran sunan uwarsa, ƙwaurinsa na dama ya samu ginshiƙi, ƙwas!

Ginshiƙi ya yi ɗan tunani, ya kwanta. Buhu ya fashe, albasa ta watse ko'ina. Kwanon rufi ya biyo baya da rugugi ya kife a kan shugabannin sandika gaba ɗaya, tukunyar miyar kifi ta tuntsure ta bi daɓe. Waɗanda suka rugo ceto suka taka giris, waɗanda suka tsallake giris suka taka albasa, waɗanda suka tsira daga duka biyun miya ta ɗauke su. Ba ka jin komai sai salati da ƙarar mazaunai a kan siminti. Na kan kamiyoyi kuwa ko motsi ba su yi ba, suna ta ɗauka da waya.

Dodo ne ya tako a hankali, ya tuɓe takalmi, ya sa kafaɗa ya ɗaga kwanon shi kaɗai, ya zaro dattawa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Alfari ya fito ƙarshe, ba hula, kan kifi a aljihun gaba, shaddar da ta zo fara ta koma launin da ba shi da suna. Makullin yana nan a damƙe a hannunsa.

"Kala suru, Alhaji," in ji Dodo, wato yana ba shi haƙuri da yarensu.

Alhaji ya kama hannun Dodo ya danƙa masa makulli. Ya duba ƙasa ya tsinto tocila ya ba shi. Sandar kuwa sai da ya jinjina ta, ya daɗe yana duban inda Cha'ibu ke kwance, dattawa suna "A yi haƙuri, Alhaji, suruki ne," sannan ya miƙa ta.

Cha'ibu na kwance cikin albasa, ƙafar dama ta kalli wani gari daban, zufa na karyo masa. Yazidu ya durƙusa kansa, wannan karon da tausayi na gaske.

"Taubashi, sannu. Kana ji na?"

Cha'ibu ya buɗe ido ɗaya. "Kun dai ga juyin ko?"

"Mun gani," in ji Alhaji daga sama. "Har mun ɗanɗana." Ya juya wajen Hajjo, muryarsa ta yi sanyi. "Ɗiyata, ke shaida ce. Na miƙa."

"Ka miƙa, Kawu. Allah shi saka da alheri."

Ba ta yi kuka ba. Ta tattara tukwanenta da suka lotse, ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi wurin da rufin yake ɗazu, inda yanzu rana ke zubowa kai tsaye. Duk wanda ya ga fuskarta a lokacin dariyarsa ta tsaya. Sannan ta nemo amalanke aka ɗora mata mijinta zuwa gidan maɗori.

Aka gyara rumfa, wannan karon da siminti a gindin ginshiƙi. Matar Dodo ta shiga tana sayar da dambu. Hajjo ta koma gefen kwalta, wurinta na da, ta riƙa hango inuwar daga tsallaken hanya.

Ranar da Cha'ibu ya fara fita da sandar dogarawa, ƙafar dama ɗaure da karare, ya ɗauka teburin Yazidu zai nufa don ya bayyana wa jama'a kuskuren da magini ya yi. Sai ya tarar Hajjo ta tare ƙofa, riƙe da wata ƙatuwar lema irin ta 'yan kasuwa.

"Ina za a kafa ta?" in ji shi. "Wurin naki ai tsandauri ne, ba ya haƙuwa."

"Na samu ginshiƙi. Ba kai ka ce duk sirrin yana ga ƙafar da ke tsaye ba? Taka ta hagu lafiyarta lau. Mu tahi."

Tun daga ranar, duk wanda ya bi ta ƙofar fakin zai ga Maitir Cha'ibu tsaye a kan ƙafa ɗaya bayan tukwanen matarsa, sanda a hammata, lema a hannu, shi a rana ita a inuwa. Bakin dai bai mutu ba. In baƙon direba ya tambaya, sai ya rage murya ya ce wani horo ne mai zurfi da ba a koya wa kowa, na ƙarfafa kan mota. Yazidu kan ɗago kofi daga nesa ya yi masa jinjina.

Rana kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. In ta gota, Hajjo ba ta ko ɗaga kai daga kwanon da take zuba wa miya.

"Maigida, juya dunduniya. Inuwa ta bar tukunya."

Sai Maitir ya juya, a hankali, ba giris.